Ruwan Da Sadiya Ta Kulle

Sadiya ba ta iya zama ba. Ko baƙi ta yi, hira na tafiya hannunta na tafiya: ko tana yanka kuɓewar da za ta shanya, ko tana tsince gero, ko ta miƙe a tsakiyar magana ta je ta ɗaga murfin duro ta ga inda ruwa ya tsaya. Mijinta, Malam Aminullahi, mai sayar da yadi a babbar kasuwa, ya daɗe da daina ce mata ta huta. Sai dai ya yi dariya ya ce a duk unguwar Mabera gidansa ne kaɗai ake shirin yaƙi kullum, ba a kuma san da wa za a yi ba.

Ita ta san da wa. A shekarar canjin kuɗi, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma gishiri ya gagare shi saye, sun wayi gari wata rana babu komai a gidan sai guntun garin kwaki a gindin roba. Malam mai ciwon suga ne, allura yake yi wa kansa safe da yamma. Ya yi ta safe a kan zai karya a hanya, ya je ya tsaya layin banki har azahar. A keke-napep aka dawo mata da shi, jikinsa na rawa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, bai ma gane ta ba. Gida uku ta shiga kafin ta samu suga cokali biyu. Malam ya farfaɗo, ya warware, har ya mai da abin labarin ban dariya a rumfarsa. Ita kuwa daga ranar wani abu ya shiga ƙirjinta ya zauna.

Ta soma tari kaɗan-kaɗan, daga abin da take gutsura a cefane. Gero da shinkafa ta ɗura a jarkoki ta toshe bakinsu da leda saboda ƙwari. In tumatir ya yi araha, sai ta sayi kwando ta yanka ta shanya a kan kwanon rufi har ya zama kauɗa. A bayan ɗaki ta jera tsofaffin buhunan siminti cike da ƙasa da taki, ta shuka alayyafo da yakuwa da tattasai, tana ba su ruwan wanke-wanke da na alwala. Ga zogale guda a bakin bango, ga kaji huɗu. Ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, inda 'yarsu Kausar ke karatu kafin ta tafi jami'a a Zariya, ya koma ɗakin ajiya. A nan ta girke duro biyu na roba da jarka takwas, ba ta barin ko ɗaya ya sauka ƙasa da rabi.

Wata Talata cikin Afrilu, bazara ta kai inda ko bango ka dafa sai ka janye hannu, aka ji wata ƙara daga bakin titi kamar babbar taya ta fashe. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Sadiya ta leƙa waje, ta hango hayaƙi na tashi daga inda taransifomar unguwa take, mutane sun ja baya suna nuni.

Ba ta tsaya jin yadda aka yi ba. Firij ta nufa. Kwalaben allurar Malam uku ne a ciki, biyu ba a buɗe ba, ɗaya ana amfani da ita. Ta riƙe su a tafin hannu, sanyinsu na ratsa ta, ta san nan da la'asar wannan sanyin ya zama labari. Ta zura hijabi ta tsallaka gidan Nafisa, ma'aikaciyar jinya da ke haya a gida na uku daga nasu.

Nafisa ta juya kwalaben ta karanta. Ta ce, "Biyun ga ki ba ni, in kai su firij ɗin yayata a cikin gari, suna da sola. Wadda ake amfani da ita kuwa dole ta zauna hannunki. In zahi bai wuce digiri talatin ba, tana kai wata guda. Amma Yaya Sadiya, ɗakunanmu yanzu sun haura arba'in."

"In ta lalace, ya za ni gane?"

"Ba kullum ake ganewa ba. Sai ki ga ana allura, suga na hawa."

Wannan maganar ta bi Sadiya har gida. Sai ta tuna da wata mai kayan miya da ta taɓa gani a Dundaye, garinsu, tana ajiye tumatir cikin tukunya a cikin tukunya. Ta jawo tsohuwar randa mai faɗin baki, ta sa ƙaramar tukunyar ƙasa a ciki, ta cika tsakaninsu da yashin da ya rage daga gyaran bango. Ta jiƙa yashin har ya daina sha, ta sa kwalbar a gwangwani ta ajiye a ciki, ta rufe da jiƙaƙƙen tawul, ta ja randar zuwa zaure inda iska ke ɗan ratsawa. Nafisa ta aiko mata da ma'aunin zafi. Bayan awa biyu ta duba: a zauren arba'in da ɗaya, a cikin tukunyar ashirin da takwas.

Da Malam ya dawo da yamma ya tarar da ita tsugune a gaban randar.

"Maman Kausar, mi kike dahwawa a zaure?"

Ta nuna masa. Ya duƙa ya sa hannu a ciki, ya ɗago yana murmushi. "Kai, wanga aiki ya yi. To yanzu sai ki kwantar da hankalinki."

"Yashin na bushewa," ta ce. "Sau uku ko huɗu sai an jiƙa shi a wuni."

Kashegari aka gane ba wuta kaɗai aka rasa ba. Rijiyar burtsatsen da duk layin ke sayen ruwa da wuta take aiki. Mai ita ya tada janareto ya yi wuni ɗaya, janareton ya kama hayaƙi ya mutu. 'Yan ga-ruwa suka koma ɗebowa daga nesa, kuma kafin kurar ruwa ɗaya ta shigo lungunsu an tare ta tun daga bakin titi an raba jarkokin. Masu gyara sun zo sun duba taransifoma, suka ce sai an kawo wata. Yaushe? Ba wanda ya sani.

Ranar Laraba Sadiya ta ba gida biyu ruwa ba tare da ta ji komai ba. Ranar Alhamis tun da hantsi sallama ta soma yawa. Hauwa'u, matar wani direba da ke jigilar dutse a Kalambaina, ta zo da bokiti biyu. Bayanta wata ta zo, bayan wannan wasu mata biyu da Sadiya ba ta ma san sunansu ba, suka ce Malam ne ya faɗa wa mazansu a masallaci cewa duk wanda ya matsu ya aiko gidansa. Kafin azahar duro ɗaya ya sauka har tana jin kofi na karta gindinsa.

Ta tsaya a ɗakin ajiyar tana kallon ramin duron. Ta fita ta duba ma'auni: ashirin da tara. Ta jiƙa yashi. Ta dawo ta sake leƙa duron kamar zai ƙaru.

Da Malam ya shigo bayan la'asar ba ta bari ya cire hula ba.

"Malam, shela kay yi a masallaci?"

"Wace shela? Na dai ce muna da ɗan abin da munka tara."

"Munka tara? Shekara biyu ina ɗura jarka kana yi min dariya. Yau kwana ukku, duro guda ya ƙare. In wanga abu ya kai wata fa? Da mi za ni jiƙa yashin maganinka?"

"Haba Sadiya. Ruwa ne fa. Mutum ya zo da ƙishirwa ki ce mishi babu?"

"Ranar da anka kawo ka a keke, gida nawa na shiga kahin in samu suga?"

Ya zauna a bakin tabarma yana cire takalmi. Can ya ce, a hankali, "Amma dai kin samu. Wani ya ba ki."

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwaɗon da ke jikin tsohon akwatinta, ta datse ƙofar ɗakin ajiya, ta ɗaura makullin a bakin zane. Duron da ya ƙare ta mirgino shi tsakar gida ta kifa, inda duk wanda ya shigo zai gani.

Ranar Juma'a da safe, bayan Malam ya fita, mutum huɗu suka zo. Kowacce Sadiya ta nuna mata kifaffen duro ta ce, "Kin gani, mu ma nema muke." Na farko ya yi mata nauyi a baki. Na uku ya fita da sauƙi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka yi sallama da wata siririyar murya. Inna Gambo ce, tsohuwar da bangonsu ɗaya, mai yin ƙuli-ƙuli da daddawa. Mijinta ya shekara uku kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke juya shi, ita ke wanke shi. Ba ta taɓa roƙon Sadiya komai ba. Hasali ma ita ce takan miƙo mata daddawa ta kan bango. Ta tsaya a bakin zaure riƙe da ɗan bokitin fenti.

"Ɗiyata, ko kaɗan ne. Maigidana ya ɓata shimfiɗa tun asuba, ban samu na wanke shi ba."

Sadiya ta ji makullin ya yi nauyi a ƙugunta. Ta dubi randar da ke gefensu, tawul ɗin ya soma bushewa daga gefe. Ta tuna in ta ba Inna, Inna za ta fita da bokiti cike a gaban matan da ta ce wa babu.

"Wallahi Inna..." Ta haɗiye rantsuwar. "Ya ƙare jiya. Ga duron can."

Inna Gambo ta dubi duron, ta dubi jiƙaƙƙen tawul, sannan ta sunkuyar da kai. "To, ba komi. An ce akwai famfo na zuba wajen makarantar can ta bayan titi. Bari in taɓa."

"Da wagga rana, Inna? Ki bari sai la'asar."

"Shina kwance cikin ƙazanta, ɗiyata."

Ta juya ta fita. Sadiya ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Ta koma ciki ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Ta tsinke ganyen zogale ta rasa me za ta yi da shi. Sau biyu tana kai hannu ga makulli. A na uku ta buɗe ɗakin, ta cika bokiti, ta ce a ranta za ta miƙa ta kan bango idan Inna ta dawo, ba wanda zai gani. Ta ajiye shi a bayan ƙofa ta sake kullewa. Ta duba ma'auni. Ta kasa kunne ga gidan Inna, ba motsi sai tarin tsohon.

Ana shirin tafiya masallacin Juma'a hayaniya ta tashi a lungu. Sadiya ta fito ba ko takalmi. Wani mai keke ne da mata biyu suke sauko da Inna Gambo, kanta ya langaɓe, bakinta a bushe ya yi fari. An ce a bakin titi ta faɗi, kafin ma ta kai famfon, wanda ashe ko ɗigo ba ya yi. Mazan layin duk sun wuce masallaci. Mata suka firfito, wata na fifita da mayafi, wata na salati, wata na cewa a kai ta asibiti, mai keken na cewa an rufe titi saboda sallah, sai dai a zagaya.

"Ku shigo da ita zaurena!" Sadiya ce ta faɗa, ba ta san muryarta na da wannan ƙarfin ba. "Hauwa'u, ruga ki kirawo Nafisa, ba ta aiki yau."

Aka shimfiɗe Inna a kan siminti. Sadiya ta taɓa goshinta, zafi kamar murfin tukunya, babu ko ɗigon gumi. Ta san wannan: bugun zafin rana ne. Nafisa ta taɓa yi mata bayani, ta rubuta a takardar da ta manna a bangon madafa. Ruwa ake buƙata, mai yawa, kuma yanzu.

"Wa ke da ruwa?" wata ta tambaya. "Ko kofi guda?"

Matan suka dubi juna. Uku daga cikinsu da safen nan suka zo gidan suka koma da bokiti wayam.

Sadiya ta miƙe. Ta kwance bakin zane, ta wuce ta gabansu, ta buɗe kwaɗon, ta tura ƙofar har ta daki bango. Daga zaure ana hango komai: duro cike har baki, jarkoki a jere, ga bokiti a bayan ƙofa ruwa na ƙyalli a ciki. Matan suka zuba wa ɗakin ido.

Ba ta dubi kowa ba. Ta kinkimo bokitin, ta tsoma zannuwa biyu ta lulluɓe Inna da su, ta riƙa kwarara ruwa a wuyanta da hammata da tafin ƙafa. "Ku yi ta fifita," ta ce. "Kada ku tsaya." Suka yi. Bokiti ya ƙare ta ɗebo wani, ya ƙare ta jawo jarka. Ruwan da take aunawa da kofi ya malale zauren ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita lungu.

Nafisa ta iso da gudu, ta duba idon tsohuwar, ta riƙe hannunta tana kallon agogo. "Ku ci gaba, haka ake yi." Bayan kamar minti ashirin Inna ta motsa, ta yi nishi, ta buɗe ido. Sadiya ta haɗa ruwan gishiri da suga, Nafisa ta riƙa ba ta da cokali. Kalmar farko da ta fito bakin tsohuwar, tana nufin mijinta, ita ce, "Malam..."

"Za a je, Inna," in ji Nafisa. "Ke dai sha."

Hauwa'u na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ita ma da safen ta zo, goye da jaririnta, aka nuna mata kifaffen duro. Ta dubi ɗakin ajiyar, ta dubi Sadiya da ke durƙushe zane jiƙe.

"Ashe akwai," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Ashe duron da anka kihwa na kallo ne."

Sadiya ta ji fuskarta ta ɗau zafi fiye da simintin waje. Ta nemi abin cewa: maganin Malam, yashi, shekara biyu. Ta ga babu wanda zai wanke ta. Ta miƙe ta cika bokiti biyu, ta ɗauki sabulu, ta wuce gidan Inna. Ta yi sallama ga tsohon, ta nemi gafararsa, ta janye shimfiɗar ta wanke a tsakar gida, ta bar sauran ruwan a bakin ƙofa har ƙanensa ya dawo daga masallaci ya yi masa wanka. An wuce da Inna asibiti bayan an sauko daga sallah, aka ƙara mata ruwa leda biyu, aka sallamo ta kafin magariba.

Malam ya ji labarin tun a hanya. Ya shigo gida. Ya ga zauren a jiƙe, ya ga kwaɗon a ƙasa, ya ɗauka ya ajiye a kan taga. Sadiya ce ta fara magana, tana zaune a bakin murhu tana hura gawayi.

"Na yi ƙarya yau har sau biyar."

"Na ji."

"Da ta mutu fa?"

"Ba ta mutu ba. Kuma an ce ke kika san abin yi." "Ni ma da laihina. Na yi kyauta da abin da ban san wahalar tara shi ba, ban ko shawarce ki ba."

Ranar Asabar ta tashi da wani sabon rashin sukuni. Ta zauna ta auna abin da randar ke sha a wuni, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka fara. Bai kai rabin bokiti ba. Ta daɗe tana kallon bokitin. Ta ware jarka biyu ta ce waɗannan na magani ne, ko wa ya zo. Sauran ta fito da su tsakar gida, ta aika aka gaya wa gidajen layin: kowane gida bokiti ɗaya da safe, gidan Inna biyu, har ya ƙare. Suka zo. Wasu sun yi godiya, wasu sun karɓa ba su haɗa ido da ita ba. Hauwa'u ba ta zo ba, ta ce ta gwammace ta saya ko nawa ne.

Shukokin bayan ɗaki su suka fara biya. Da wanke-wanke ya koma na kofi biyu, babu sauran abin zuba musu. Alayyafo ya kwanta a wuni ɗaya. Yakuwa ta yi kwana biyu tana jurewa. Sadiya ta tsinke abin da za a iya ci ta shanya, ta bar tattasan da ta yi wata uku tana reno ya bushe a tsaye. Kaza ɗaya ta mutu da zafi.

Ranar Litinin duro na biyu ya kai gindi, ba labarin taransifoma. Ta kira yayanta Attahiru a Dundaye, wayarsa a kashe. Tata ma saura ƙiris ta mutu. Ba ta jira ba. Ta jiƙa yashi, ta roƙi Nafisa ta leƙa randar da azahar, ta hau keke ta sauka, ta hau wani. Ta same shi a fadama yana ban ruwan albasa da injinsa, ruwa na bulbulowa daga bututu yana bin kwari-kwarin gona. Ta tsaya tana kallo kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba.

"Sadiya? Lahiya da wagga rana?"

Ta gaya masa komai, har da abin da ba ta yi niyyar faɗa ba. Attahiru ya kashe injin ya goge hannu a riga.

"Kwana bakwai kuna haka ba ki aiko ba? Ke kullum sai ki ce komi ke za ki yi da kanki."

Kafin la'asar ya samo wani maƙwabcinsa mai a-kori-kura, suka loda duro huɗu da duk jarkar da suka samu a gidajen dangi. Sadiya ta zauna a gaba, tana waiwaye duk lokacin da motar ta faɗa rami, tana jin ruwa na fantsala. Da suka shigo lungun, mata suka fito da bokitai tun kafin a kashe mota. Attahiru ya yi sawu uku a wannan makon, mazan layin suka haɗa kuɗin mai. Sadiya ta cika jarka guda ta ajiye a ƙofar gidan Hauwa'u ta yi sallama ta juyo. Da yamma ta ga an dawo da jarkar wayam an jingine a zaurenta, ba saƙo.

A kwana na goma sha uku aka kawo wata taransifomar. Fanka ta motsa wajen hantsi, aka ji ihu daga gida-gida. Nafisa ta dawo da kwalabe biyun, ta gwada sugan Malam ta ce lafiya lau. Sadiya ta mayar da maganin firij, amma randar ta bar ta a zaure da yashinta.

Duk kwanakin nan kullum tana aika wa Inna Gambo ruwa da kunu, amma ba ta yarda sun zauna su biyu ba. Ranar da wuta ta dawo, da la'asar ta daure ta shiga. Ta tarar da tsohuwar zaune a inuwar bango tana murza ƙuli-ƙuli, ta rame, amma hannunta na aiki. Sadiya ta gaishe ta, ta jawo turmi ta zauna, ta ɗauki tunkuza ta soma taya ta murzawa.

"Inna, na zo neman gahwara."

Inna ba ta ɗago ba. "Na san akwai ruwa, ɗiyata. Tun ina tsaye na sani. Bangonmu guda, shekara biyu ina jin ki kina ɗura jarka."

Hannun Sadiya ya tsaya. "To mi ya sa ba ki ce komi ba?"

"In ce miki kin yi ƙarya a cikin gidanki? Da kin ce min, Inna, akwai, amma na maganin Malam ne, da na tahi ban ji komi ba. Ni ma mai jinya ce. Na san yadda tsoro ke sa mutum." Ta jera ƙuli uku a faranti. "Abin da ya yi min ciwo, kin ɗauke ni kamar wadda ba a iya gaya wa gaskiya."

Hawaye suka zubo wa Sadiya, ta goge da bayan hannu saboda tafinta duk mai ne.

"Ya wuce," in ji Inna. "Na yahe. Hauwa'u ce sai kin yi hanƙuri da ita, jaririnta ya kwana biyu ba wanka, ƙuraje sunka hito mishi. Kada ki aika, ki tahi da ƙahwarki. In ta kore ki ki koma."

"Za ni."

Suka ci gaba da murzawa. Daga ɗaki tsohon ya yi kira, Inna ta amsa ta ce tana zuwa. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta nuna wani lungu tsakanin madafa da bango, inda tarkacen itace ke jibge.

"Duba min nan. Duro zai shiga?"

Sadiya ta miƙe ta je ta auna da taku. "Zai shiga, in an kwashe itacen. Sai an ɗora shi bisa bulo, kada ƙasa ta ci gindinshi."

"To wanda kinka kihwa ranar nan, ara min shi kahin in samu nawa."

Sadiya ta tattare hannun riga ta soma kwashe itacen tun Inna ba ta kai ƙofar ɗaki ba.